Yadda za a horar da ma'aikatan asibiti su riƙe sirrin majinyata

A watan Satumban 2015 wani ma'aikaci a asibitin 56 Dean Street da ke Landan ya tura wasiƙar sanarwa ta imel ga mutum 781 masu hulɗa da sashen kula da cutar ƙanjamau. Maimakon ya zuba adiresoshinsu a gurbin da ke ɓoye su, sai ya zuba a gurbin da kowa ke ganin na kowa. Da danna maɓalli sau ɗaya, kowannensu ya san sauran. A 2016 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci tarar masu asibitin fam 180,000. Abin da ta fi jan kunnensu a kai shi ne, an taɓa yin irin wannan kuskure a 2010, amma ba a bi shi da wani horo na musamman ba.

Babu ɓarawo a wannan labari, babu mai kutse, babu mai mugun nufi. Ma'aikaci ne yana aikinsa na kullum, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa inda haɗarin yake. Sau da yawa tonon asirin majinyata haka yake faruwa: ta hannun wanda ke sauri, ta bakin wanda ya ji nauyin ya ce a'a, ta idon wanda son sani ya ja. Asibiti zai iya sayen manhaja mai tsada, amma wanda ke zaune gaban kwamfutar shi ne ke riƙe da ƙofa. Wannan jagora na wanda aka ɗora wa alhakin shirya horon ne, ko a babban asibiti ko a ƙaramin wurin shan magani mai ma'aikata goma.

Mataki na farko: bi sawun bayanin da ƙafarka

Kafin ka rubuta darasi ko ɗaya, ɗauki littafi ka bi hanyar da majinyaci ke bi, tun daga ƙofar shigowa. A wurin yankan kati, wa ke jin abin da ake tambayarsa? Folda ta bar ɗakin kati, a hannun wa take tafiya, kuma ina ake ajiye ta kafin likita ya kira? Sakamakon gwaji ya fito, ta yaya yake isa ɗakin kwanciya: a takarda, a kwamfuta, ko hotonsa ake ɗauka a waya? Takardar da firinta ta buga ba daidai ba, ina take ƙarewa? Duba allon da ake rubuta sunayen waɗanda aka kwantar, ka tsaya inda masu dubiya ke tsayawa ka ga abin da ke karantuwa daga can.

Kada ka tambayi shugabannin sassa yadda ake yi, domin za su faɗa maka yadda ya kamata a yi. Tsaya ka kalla, musamman lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu kamawa, da kuma da daddare, lokacin da ma'aikata suka yi kaɗan kuma kowa ke neman gajeriyar hanya. Duk inda ka ga bayani na iya zubewa, rubuta. Wannan jerin shi ne manhajar darasinka. Horon da aka kwafo daga wani wuri yana magana ne kan matsalolin wani wuri.

Mataki na biyu: kada a bar kowa a waje

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara likitoci da nas-nas a ɗaki, a ce an yi horo. To mai shara da ke kwashe kwandon takardu fa? Mai tura gadon majinyaci da folda a kan ƙafafunsa? Mai gadi da ake tambaya ko wance tana ciki? Direban motar ɗaukar marasa lafiya, mai karɓar kuɗi, ɗalibai masu sanin makamar aiki, 'yan sa-kai, da injiniyan kamfanin da ke zuwa gyaran kwamfuta? Duk waɗannan suna gani suna ji, kuma sau da yawa su ne mutane suka fi sakin jiki su tambaya.

Raba su rukuni-rukuni gwargwadon aikinsu. Akwai darasin tushe da kowa zai ji, sannan kowane rukuni da nasa. Ba sai mai shara ya san yadda ake gane imel na bogi ba, amma dole ya san abin da zai yi idan ya tsinci takardar gwaji a ƙasa, da wanda zai kai wa. A yi wa kowa da harshen da yake ji sosai. Wanda ba ya karatu a yi masa da baki da nuni, kada a miƙa masa takarda ya dangwala hannu a ce ya fahimta.

Manya ma su zauna. Idan babban likita ya ce ba shi da lokaci, ƙananan ma'aikata sun riga sun gane matsayin da aka ba lamarin.

Mataki na uku: darasin tushe

Abu uku ne. Na farko, mene ne bayanin majinyaci. Mutane da yawa suna ɗauka sunan cuta ne kawai. Ai kasancewar mutum ya zo asibitin ma bayani ne. Ƙofar da ya shiga bayani ce, maganin da ya karɓa bayani ne, haka hotonsa da lambar katinsa da ranar haihuwarsa. Cire suna kuma ba ya wadatarwa. Wata mai bincike a Amurka, Latanya Sweeney, ta nuna cewa da ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa ta gidan waya kaɗai ana iya gane kusan kashi 87 cikin 100 na mutanen ƙasar. Dokar HIPAA ta Amurka, mai kare bayanan lafiya, wadda aka kafa a 1996, ta jera abubuwa 18 da sai an cire su kafin a ce bayani ba ya nuna mai shi. Saboda haka ma'aikacin da ya ba da labari a gida ya ce “ai ban faɗi suna ba”, amma ya faɗi sana'ar mutumin da shekarunsa da ranar da aka kawo shi, ya faɗi sunan ke nan.

Na biyu, ƙa'idar buƙatar aiki: ka buɗe abin da aikinka ke buƙata, a lokacin da yake buƙata, ka tsaya a nan. Mai karɓar kuɗi yana buƙatar sanin abin da za a biya, ba ya buƙatar tarihin ciwon.

Na uku, doka. A nan a taƙaita, domin ba lauyoyi ake yayewa ba. Ya isa su san cewa dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke da kariya ta musamman, kuma ƙasashe da dama sun bi wannan salo, ciki har da Najeriya da dokarta ta kare bayanai ta 2023. Nemo dokar ƙasarka da ƙa'idojin hukumar da ke ba ma'aikatanka lasisi, ka ciro abin da ya shafe su kai tsaye a shafi guda.

Abin da ya fi doka shiga zuciya shi ne sanin abin da tonon asiri ke yi wa mutum. A 2020 aka gano an sace bayanan majinyata kusan 33,000 daga Vastaamo, wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a ƙasar Finland. Ɓarawon ya riƙa aika wa majinyatan saƙo ɗaya bayan ɗaya, yana neman kuɗi, in ba haka ba ya watsa abin da suka faɗa wa likitocinsu a keɓe. Katin banki idan an sace ana canza shi, tarihin ciwon mutum kuwa ba ya canzuwa. Akwai wata ɓarna kuma da ba a ganinta a lissafi: wanda ya ji an tona asirin wani, gobe zai ɓoye wa likita rabin gaskiya, ko ya ƙi zuwa gwaji sam.

Mataki na huɗu: leƙe

Wannan ne ya fi wuyar magani, domin mai yin sa ba ya ganin laifi ne. An kwantar da wani sananne, ko maƙwabci, ko tsohon miji, ko abokiyar aiki da ta kwana biyu ba ta zo ba. Hannu ya kai kan kwamfuta, “bari dai in ga yadda take”. A 2011 asibitocin jami'ar UCLA a Amurka suka biya dala 865,500 saboda ma'aikata suna buɗe bayanan wasu fitattun mutane ba tare da dalilin aiki ba. A 2019 aka ci tarar asibitin Haga da ke birnin Heg na ƙasar Holan yuro 460,000, bayan gomman ma'aikata sun leƙa fayil ɗin wata tauraruwar talabijin.

A gaya wa ma'aikata ƙarara: dubawa kaɗai laifi ne, ko da ba ka gaya wa kowa ba, ko da tausayi ne ya sa ka. Fayil ɗin matarka ko ɗanka ko mahaifinka ma, idan ba kai ke kula da su a hukumance ba, ka bi hanyar da kowane ɗan uwan majinyaci ke bi. Wannan yana yi wa mutane ɗaci, kuma za a yi gardama a kansa a wurin horo. Bar su su yi. Sannan ka juya tambayar: da kai ne a kan gadon, wa da wa a cikin ɗakin nan kake so ya karanta naka?

Idan kuna aiki da kwamfuta, nuna musu rajistar da ke rubuta wanda ya buɗe kowane fayil da lokacin da ya buɗe. Haska ta a allo su gani da idonsu, bayan an rufe sunayen majinyata. A ganina wannan minti biyar ɗin ya fi awa guda na wa'azi tasiri. Sai dai fa a riƙa duba rajistar da gaske. Idan ma'aikata suka gane ba wanda ke kallonta, ta zama ado.

Mataki na biyar: baki da waya

Ma'aikaci ya san bai kamata ya faɗa ba, abin da bai sani ba shi ne yadda zai ƙi ba tare da ya ci fuskar mai tambaya ba. Saboda haka a ba shi kalmomin, a kuma yi gwajinsu da baki, biyu-biyu, ɗaya ya zama mai tambaya ɗaya mai amsa.

Dattijo ya tsare nas a baranda: “'Yata, me gwajin yaron nan ya nuna? Ni ne kawunsa.” Amsar da za a koya mata: “Baba, ka yi haƙuri, ba ni da hurumin faɗa. Bari in shiga in tambaye shi, idan ya amince sai likita ya yi muku bayani tare.” Ta girmama shi, ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma saki komai ba. Wani ya bugo waya ya ce shi likita ne daga wani asibiti, yana son sakamako yanzu-yanzu: “Ranka ya daɗe, ba ni suna da sashenka, zan kira ta babban layin asibitinku.” Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Wanda ya fara faɗa da barazanar kai ƙara sama, shi ne ma ya fi cancantar a bincika. Ɗan sanda ko wanda majinyaci ke yi wa aiki ko wakilin kamfanin inshora ya zo neman bayani, ma'aikaci ba ya yanke hukunci a tsaye. Ya san ofishin da zai tura su, shi ke nan.

Hanyar da ta fi sauƙaƙa duk wannan ita ce a tambayi majinyaci tun ranar da aka karɓe shi: wa ka yarda a yi wa bayani? A rubuta a folda. Rabin rigimar baranda ta ƙare.

Sai hira tsakanin ma'aikata. A cikin lifta, a wurin cin abinci, a motar komawa gida, a bayan labulen da ke raba gado da gado. Labule yana tare ido, ba ya tare kunne. Magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Wayar hannu ita ce babbar kafar wannan zamani. Likita ya ɗauki hoton rauni ya tura wa na gaba da shi a WhatsApp don neman shawara, da kyakkyawar niyya. Amma hoton ya zauna a wayarsa, ya hau ma'ajiyar intanet da kansa, yaransa suna wasa da wayar da yamma, a rukunin kuma akwai wanda ya bar aiki tun bara ba a cire shi ba. Hana abin baki ɗaya ba tare da samar da madadi ba, ɓoye shi kawai zai sa a yi. Asibiti ya tsayar da hanya guda da ya amince da ita, ya ce me ake iya turawa, a cire suna da fuska da lambar kati, a nemi izinin majinyaci kafin ɗaukar hoto, a goge bayan an gama. Hoton kai a ɗakin kwanciya domin Facebook ko TikTok kuwa babu shi, domin ba ka san abin da ya fito a bayanka ba.

A nan akwai gargaɗi ga mai koyarwa: kada ka tsorata su har su daina magana da juna. Ƙa'idojin Caldicott na Ingila kan riƙe bayanan majinyata, waɗanda suka samo asali a 1997, sai da aka ƙara musu ɗaya a 2013 da ke cewa wajibcin isar da bayani domin kula da majinyaci yana iya kai wajibcin kare sirrinsa muhimmanci. Nas ɗin da ta ƙi gaya wa abokiyar aikinta cewa majinyaci ba ya jituwa da wani magani, da sunan sirri, ta jefa rai cikin haɗari.

Mataki na shida: kwamfuta

Kowa da kalmar sirrinsa, ba aro, ba mannawa a jikin allo. Wanda ya ba da tasa, duk abin da aka yi da ita sunansa zai fito. Za ka tashi ko na minti ɗaya ne, kulle allon. Idan ma'aikata suna aron kalmar juna saboda kwamfuta ɗaya ce a sashe, ko shiga yana cin lokaci, wannan matsalar hukumar asibiti ce, horo ba zai gyara ta ba. Kai ƙorafin sama.

Kan imel na yaudara, misali na gaske ya fi bayani. Ranar 18 ga Maris 2021 wani ma'aikacin hukumar lafiya ta ƙasar Ailan ya buɗe fayil ɗin Excel da ya zo a imel. Masu kutsen suka shafe mako takwas suna yawo a cikin tsarin, sai ranar 14 ga Mayu suka kulle komai, asibitocin ƙasar suka koma biro da takarda, aka soke ganin likita da gwaje-gwaje masu ɗimbin yawa. A kamfanin Change Healthcare na Amurka kuwa, mai sarrafa biyan kuɗin jinya, a Fabrairun 2024, da kalmar sirri da aka sace aka shiga ta wata ƙofa da ba ta da matakin tantancewa na biyu (ƙarin shaida bayan kalmar sirri, kamar lambar da ake turowa a waya), abin ya shafi mutum kusan miliyan 190.

Koya musu alamomin: saƙo mai gaggawa da barazana, adireshin mai aikowa da ya ɗan sha bamban da na gaske, neman a shigar da kalmar sirri, fayil da ba ka jira ba. Lokaci-lokaci a aika musu imel na gwaji. Wanda ya faɗa tarkon a kira shi a keɓe a nuna masa abin da ya tsallake. Kada a liƙa sunansa a allo, domin wanda aka kunyata sau ɗaya, ranar da ya danna na gaske shiru zai yi.

Mataki na bakwai: takarda

Folda a kife, ɗakin kati a kulle, takardar miƙa aiki ba ta bin aljihu zuwa gida. Abin da za a zubar a yayyaga shi da na'ura ko a ƙone a ƙarƙashin kulawa. Kafin a miƙa wa majinyaci takarda, a duba suna da lambar kati a kowane shafi, saboda masu suna iri ɗaya suna da yawa.

Mataki na takwas: ranar da aka yi kuskure

Za a yi. Horon da bai shirya mutane don wannan rana ba, rabi ne. A 2018 aka sace bayanan mutum miliyan 1.5 daga rukunin asibitocin SingHealth a Singafo, har da na firaministan lokacin, Lee Hsien Loong. Kwamitin binciken ya gano cewa wasu ma'aikata sun ga alamun kutsen tun da wuri, amma ba a kai rahoto sama a kan lokaci ba. A ƙarƙashin GDPR, da ma dokar Najeriya ta 2023, awa 72 ake da su a sanar da hukuma bayan an san an yi ɓaraka mai haɗari ga mutane. Ma'aikacin da ya kwana biyu yana fargabar faɗa ya cinye mafi yawan lokacin.

Saboda haka kowa ya haddace abu uku: wa zan gaya wa, ta wace lamba, kuma yanzu. Ba aikinsa ba ne ya auna girman abin, ko ya goge saƙo, ko ya gyara a ɓoye. An tura sakamako ga wanda ba shi ba, waya mai hotunan aiki ta ɓata, an danna mahaɗin da bai kamata ba, duk a faɗa. A liƙa lambar a kowane sashe, a kuma tabbatar akwai mai ɗauka da tsakar dare.

Hukumar asibiti kuma ta bambance tsakanin kuskure da ganganci, a rubuce, ta karanta wa kowa. Wanda ya yi kuskure ya kawo kansa, a gode masa a gyara tsarin da ya ba da kafar. Wanda ya leƙa da gangan ko ya sayar da bayani, a hukunta shi, ko wane ne. Idan aka kori mai shara a kan abin da aka yafe wa babban likita, duk darasin da ka koyar ya rushe a ranar.

Mataki na tara: lokaci, rajista da awo

Sabon ma'aikaci ya sami horo kafin a ba shi kalmar shiga ko makullin ɗakin kati. Bayan haka a sabunta aƙalla sau ɗaya a shekara, da duk lokacin da aka kawo sabuwar manhaja ko aka sauya doka. Taron yini guda mai cike da allunan rubutu ba ya zama a kai. Minti goma a taron sashe kowane wata, a ɗauki labari ɗaya da ya faru a asibitin, a cire sunaye, a tambayi mutane me za su yi, ya fi amfani. Masu aikin dare a je musu da dare.

Rubuta wanda ya halarta, da rana, da abin da aka koyar. Dokar HIPAA ta ce a adana irin waɗannan takardu shekara shida, kuma ko ina kake, su ne abin da mai bincike zai fara nema. Amma takardar halarta tana nuna an zauna ne kawai. Don sanin ko ya shiga, sake zagayen da ka yi a matakin farko bayan wata uku. Ƙirga allunan da aka bari a buɗe. Sa wani ya bugo waya da sunan ɗan uwan majinyaci ka ji amsar da za a ba shi. Duba rajistar buɗe fayil. Duba kuma yawan rahoton kuskure: idan ya ƙaru a watannin farko bayan horo, kada hankalinka ya tashi, yawanci alama ce mutane sun fara faɗar abin da a da suke binnewa. Sashen da ya shekara bai kawo rahoto ko ɗaya ba, can za ka fara komawa.